Agogon bangon Baba: antik ne ko haɗin gambiza?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman wanda ya san harkar tsofaffin agoguna. Muna shirin rabon gadon mahaifinmu a Tudun Wadar Kaduna, kuma cikin kayan akwai agogon bango na katako da muka buɗe ido muka gani a falonsa. Tsawonsa ya kusa kamu biyu. A gilashin ƙofar an rubuta REGULATOR da ruwan zinare, fuskar fara ce mai lambobin Rumawa, da huji biyu na makulli, sai abin nan mai lilo a ƙasa da aka rubuta R da A a jikinsa. Dillalai biyu sun gani. Na farko ya ce "antik" ne na Ingila, wato kayan da mai daraja, wai R da A ɗin harufan sunan wani Baturen reluwe ne, in na ba shi ya kai Abuja zai samo miliyan. Na biyu ya leƙa ciki da fitilar waya, ya taɓe baki, ya ce "aure" ne, ya taya dubu 25. Ni kam ban san agogo na aure ba. Wa ya faɗi gaskiya a cikinsu?

Ɗan Panteka: Allah ya jiƙan Baba. Amma in agogon ya yi aure sai a binciki 'ya'yansa, kada a raba gado a manta da su.

Maman Ihsan: Kai dai ba ka rabo da tsiya. Allah ya gafarta masa. Abban Hanifa, irin wannan ba shi ne ake ce wa "grandfather" ba? Na ga ana tallarsu da tsada.

Injiniya Bashir: Allah ya yi masa rahama. Hajiya, ba shi ba ne. Wanda ake kira haka a ƙasa yake tsayawa, ya fi mutum tsawo, kuma doguwar akwatinsa ba ado ba ce. Lilon da ke ciki ya kusa mita ɗaya, santimita 99 da 'yan kai, don tsawon da ke sa kowane kaɗawa ya ci sakan ɗaya ke nan, ga kuma nauyaye da ke buƙatar wurin sauka. Tun wajen 1670 ake yin su a Ingila, amma sunan kakan nan daga baya ya zo, daga wata waƙa da Ba'amurke Henry Clay Work ya yi a 1876. Na Abban Hanifa agogon bango ne mai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ake ɗaurewa da makulli.

Batun R da A kuwa, dillalin farko ko dai bai sani ba ko yana son ya yi maka rufa-ido. Faransanci ne: Retard da Avance, wato jinkirta da gaggauta. Yana nuna maka inda za ka juya ɗan noti na ƙasan lilon. Ka sauke faifan ƙasa, agogo ya rage gudu. Ka ɗaga shi sama, ya ƙara. Agogunan Ingila da Amurka S da F suke sawa. In kuwa sunan Bature ne, to Baturen nan ya mallaki dubban agoguna a duniya.

Abban Hanifa: Ikon Allah. Har na fara ba yara labarin Baturen.

Baba Mai Agogo: Ɗansa ne ke rubutawa, shi yana faɗa. Ya ce a yi maka gaisuwa. Ya ce shekararsa ta haura 50 yana gyaran agogo a garin nan, kuma bai taɓa sanin me R da A ke nufi da Faransanci ba sai yau, amma ya san aikinsu tun yana yaron shago. Ya ce ka amsa masa abu uku. Yana tafiya? In yana tafiya, sautinsa daidai yake fita ko yana ɗingishi? Sannan in ya buga, adadin bugun ya yi daidai da abin da hannu ke nunawa?

Abban Hanifa: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yana tafiya kamar minti goma sai ya tsaya. Ban gane ɗingishi ba. Bugu kuma, jiya hannu na kan bakwai ya buga huɗu.

Baba Mai Agogo: Ya ce ka kasa kunne. Mai lafiya yana cewa tik, tak, tik, tak, tazara ɗaya. Mai ɗingishi yana cewa tik-tak, ya ɗan yi shiru, tik-tak, kamar mai jan ƙafa. Irin wannan dole ya tsaya. Ka ɗan karkata ƙasan akwatin dama ko hagu a hankali har sautin ya daidaita. Ya ce rabin agogunan da ake kawo masa wai sun mutu, ƙusa ce kawai ta karkace a bango.

Bugun kuma ya ce ba lalacewa ba ce. Akwai wata taya mai tsaga-tsaga a jikin injin, ita ke ƙirga bugu, kuma ba ruwanta da abin da hannu ke nunawa. In sifirin bugu ya ƙare agogo ya ci gaba da tafiya, ko wani ya juya hannu da sauri bai jira ya gama bugawa ba, shi ke nan sun raba hanya. Ka jira ya buga, ka ƙirga, sai ka tura gajeren hannu da yatsa zuwa lambar da ya buga, sannan ka bi da dogon hannu gaba kana tsayawa yana bugawa har ka iso lokaci. Ya ce kada ka kuskura ka mayar da dogon hannu baya ya tsallake sha biyu.

Injiniya Bashir: Abin da Baba ya kira ɗingishi shi ne Turawa ke cewa "out of beat", tayar kuma "count wheel". Akwai wani tsarin da ya fi wannan, "rack and snail", mai wani faifai kamar dodon koɗi da ke juyawa tare da hannun awa, shi ba ya ɓata lissafi. Ya kamata mu riƙe sunayen nan na asali, don da su ake neman kayan gyara a intanet, da su ake ciniki.

Malama Rabi: Injiniya, a nan zan ja da kai. Wane ne "na asali"? Baba ya ce ɗingishi, Abban Hanifa bai gane ba sau ɗaya, aka yi masa bayani da jimla biyu, kuma na tabbata har ya mutu ba zai manta ba. Naka kuwa zuwa gobe ya tashi daga kansa. Su ma Turawan ba daga sama sunayen suka faɗo musu ba, abin da ke gabansu suka duba: dodon koɗi, angar jirgin ruwa, fuska, hannu. Mu ma muna cewa fuska, muna cewa hannu, haƙori, guduma. Me ya rage?

Bari ma in ƙara. Kalmar agogo aro ce daga Yarbanci, kuma a can asalinta ƙararrawa ce ta ƙarfe. Mu kuma in za mu tambayi lokaci sai mu ce ƙarfe nawa, saboda ƙarfen da ake bugawa a bariki da makaranta da tasha. Ita kalmar "clock" ta Turanci daga "clocca" ta Latin take, ma'anarta ƙararrawa, har yau Jamusawa Glocke suke ce wa ƙararrawa. Harsuna uku, kowa da kunne ya fara sanin lokaci kafin ido.

Injiniya Bashir: Wannan gaskiya ne Malama, har ma masu tara agogo a Ingila in abu ba ya bugawa ba su cika ce masa "clock" ba, "timepiece" suke cewa. Amma ki rubuta "agogo mai ɗingishi" a wurin neman kaya ki ga abin da zai fito miki.

Malama Rabi: Ai ba da kwamfuta Abban Hanifa zai raba gado ba, da yayyensa mata zai zauna. Su za ka ce wa "count wheel"?

Ɗan Panteka: Ni dai a warware min ɗaya. Daƙiƙa minti ce ko sakan? A rediyo in ji "daƙiƙa talatin", in rasa ko in tashi ko in zauna.

Malama Rabi: A Larabci daƙiƙa minti ce, sakan kuma saniya. Mu muka karɓo ta, da yawanmu muka mayar da ita sakan, wasu suka bar ta a minti. Shi ya sa in abu na lissafi ne nake cewa minti da sakan in huta.

Ɗan Panteka: Saniya kuma? To gara da ba mu aro wannan ba, da an yi rikici a Zango.

Alhaji Sule Kakuri: Salamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Ni ma ina da nawa, masaƙar da na yi wa aiki ce ta ba ni da na cika shekara 15 ina aiki, a 1984. Kamfaninsa Tempus Fugit, an rubuta a sama. A ƙasa kuma 31 DAY. Shi ma antik ne ko?

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe Alhaji, Tempus Fugit ba kamfani ba ne, Latin ne, wato lokaci na gudu. Kamar yadda ake rubuta karin magana a bayan tifa. 31 DAY kuma yana nufin in an yi masa wani da makulli sau ɗaya zai kai shi wata. Irinsu an yi su da yawa a Koriya da Japan a shekarun 1970 da 1980. A ƙa'idar da 'yan kasuwar kayan da suka fi bi, sai abu ya cika shekara 100 ake ce masa antik. Wanda bai kai ba "vintage" suke cewa. Naka sai 2084.

Alhaji Sule Kakuri: To jikoki sa gani. Ni dai bai taɓa sa na makara sallar asuba ba.

Baba Mai Agogo: Ya ce a gaya wa Alhaji kada ya bari yaro ya buɗe injin ɗan wata ɗaya. Sifirinsa dogo ne mai ƙarfi, in ya kufce yana tsaga yatsa. Ya ce su a shago da kwana suke kiran agogo: ɗan kwana ɗaya, ɗan kwana takwas, ɗan wata, sai ɗan shekara, wanda ke cikin ƙoƙon gilashi da ƙwallaye huɗu masu juyawa dama da hagu. Na Abban Hanifa ɗan kwana takwas ne, ranar Juma'a ake yi masa wani. Huji biyu: ɗaya na tafiya, ɗaya na bugu. In huji uku ne, na ukun na kiɗa ne, yana yin waƙa duk kwata.

Maman Ihsan: Baba, ɗan shekarar nan irinsa aka sa wa mahaifiyarmu a kayan ɗaki, yana nan a kabad ɗina. A ƙasansa an rubuta West Germany.

Injiniya Bashir: To kin samu shekarunsa a saukake, Hajiya: tsakanin 1949 da 1990, lokacin da Jamus ke rabe biyu. Turawa na kiransa ɗan kwana 400 ko "anniversary". Irin waɗannan rubuce-rubucen sun fi bakin dillali gaskiya. Dokar Ingila ta 1887 ce ta sa aka fara buga Made in Germany a kayan da ake kai musu. In kin ga Made in Occupied Japan, bayan yaƙin duniya na biyu ne zuwa 1952. Amma ki duba bayansa, in akwai gidan batir to ƙwallayen ado ne kawai.

Maman Ihsan: Makulli gare shi, ba batir. Sai dai rabonsa da juyawa tun ina budurwa.

Abban Hanifa: Jama'a kun bar ni da maganar aure fa. Na karkata shi kamar yadda Baba ya ce, wallahi yau awa uku yana tafiya. Na kuma zaro injin, ashe a kan wasu ƙarafa biyu yake zaune, noti biyu kawai na kwance ya fito da fuskarsa gaba ɗaya. A bayansa akwai tauraro mai tsini takwas da J a tsakiya, sai B11 a ƙasa. A katakon baya kuma akwai wata waya naɗaɗɗiya kamar maganin sauro, da huji huɗu da ba komai a cikinsu.

Injiniya Bashir: Yauwa, yanzu aka zo wurin. Tauraron nan tambarin Junghans ne, kamfanin Jamus da aka kafa a garin Schramberg a 1861. Zuwa 1903 babu masana'antar agogo da ta kai shi girma a duniya. Ka ga maganar Ingila ta faɗi. B11 kuma, yadda masu tara agogunan Junghans ke karanta shi, A rabin farko na shekara, B rabi na biyu, wato ƙarshen 1911. Wayar maganin sauron ita ce gudumar ke duka, ita ke ba da sautin.

Hujin nan huɗu su ne abin da dillali na biyu ya gani. Wani inji ne ya taɓa zama a akwatin kafin wannan. Kuma dama tun da ka ce an rubuta REGULATOR a gilashi na yi shakka, don wannan salon na agogunan Amurka ne da na Japan da suka kwaikwaye su, shi kuwa lilo mai R da A na Jamus ne. Inji daga wani gida, akwati daga wani gida: shi ne "marriage", auren da ya faɗa maka.

Abban Hanifa: 1911! Ai shekarar da jirgin ƙasa ya isa Kano ke nan. Mahaifinmu kuma a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya. Ko dai na tasha ne?

Injiniya Bashir: A'a, kada ka gina wani sabon Baturen. Shekarar ƙera inji ce, ba shekarar zuwansa nan ba. A 1911 ko hedikwata ba a dawo da ita Kaduna ba, tana Zungeru. Kuma agogon tasha na Ingila yawanci mai zagayayyar fuska ne, huji ɗaya, ba ya bugu, da wani ƙarfe mai siffar mazurari da sarƙa a ciki, "fusee", wanda ke daidaita ƙarfin sifirin daga ranar wani har ya kusa ƙarewa. Naka agogon falo ne.

Ita ma kalmar REGULATOR ɗin, asalinta sunan agogo ne na musamman wanda masu gyara da masu duban taurari ke saita sauran agoguna da shi. Mai nauyi ne ba mai sifirin ba, galibi ba ya bugu don kada bugun ya taɓa tafiyarsa, kuma lilonsa an yi masa dabarar zafi da sanyi. Sandar ƙarfe tana miƙewa da zafi, agogo ya rage gudu kamar rabin sakan a yini kan kowane digiri ɗaya. Ka kwatanta sanyin Janairu da zafin Afrilu a garin nan. George Graham ya yi maganin abin da kwalbar zaiba a 1721, John Harrison kuma ya jera sandunan ƙarfe da na tagulla suna soke miƙewar juna. Daga baya 'yan kasuwa suka ga sunan na sayar da kaya, sai suka riƙa manna shi a gilashin kowane agogo. In ka duba lilonka za ka ga 'yan sanduna a jere, fari da ja. Kwaikwayon na Harrison ne, ba abin da suke yi.

Ɗan Panteka: Wato kamar a rubuta Alhaji a ƙofar wanda ko Kawo bai taɓa wucewa ba.

Malama Rabi: To Injiniya ka gani. Sunan Turancin da kake cewa mu riƙe, shi ne ya fi kowa ƙarya a jikin agogon. Ni a ce haɗin gambiza kawai, kowa ya gane.

Baba Mai Agogo: Ya ce bai yarda da haɗin gambiza ba, bai kuma yarda da taɓe bakin dillali ba. Ya ce gambiza aikin banza ne, wannan kuwa gyara ne. A zamaninsu in gara ta cinye akwati inji na da rai, ko inji ya mutu akwati na da kyau, ba wanda ke zubarwa. A nemo wani a haɗa, a gwada tsawon lilo ya shiga, mai abu ya biya ya tafi yana murna. Ba a yi don a cuci kowa ba, ba wanda ya san wata rana za a zo ana ƙirga huji. Ya ce su "sauyin gida" suke cewa. Ya ce ka duba cikin ƙofar ko bayan katakon da kyau, masu gyara kan bar rubutu.

Abban Hanifa: Akwai! Da fensir, da ajami, ya dushe. Na kai wa liman ya karanta min: "an sake gida, an sa bushin biyu", sai 1974 da lambar boko. Ba suna.

Baba Mai Agogo: Ya yi dariya. Ya ce haka maigidansa ke yi, amma ba shi kaɗai ba, don haka ba zai rantse ba. Bushin kuwa, in ƙafar taya ta daɗe tana juyawa cikin hujinta, ga ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, sai hujin ya ci ya koma kamar ƙwai. Sai a faɗaɗa shi a dasa sabuwar tagulla. Ya ce shekara 50 ke nan, ƙila sun sake ci.

Abban Hanifa: To yanzu me zan rubuta a takardar gado? Antik ko ba antik ba?

Injiniya Bashir: Inji antik ne, ya haura shekara 100. Akwati ba mu san shekarunsa ba. A kasuwar masu tarawa auren yana karya kuɗi sosai, kuma Junghans sun yi irin injin nan da yawan gaske, ba abu ne mai wuyar samu ba. Miliyan mafarki ne. Dubu 25 kuma ya raina maka hankali.

Malama Rabi: Ka rubuta abin da kowa zai karanta ya gane: agogon bango ɗan kwana takwas, mai bugu, injin Jamus na 1911, an sake masa gida a 1974. Ba antik, ba aure.

Injiniya Bashir: Ki ƙara Junghans dai, Malama. Ko a nan ki bar min ɗaya.

Alhaji Sule Kakuri: Shawarata, a samu mutum biyu da suka san abin, waɗanda ba saye za su yi ba, su yi masa kuɗi a gaban magada. Wanda ke so a cikinku ya ɗauka a cikin rabonsa. Kada ka bari ya tafi Abuja a hannun wanda ya ƙirƙiro maka Bature.

Abban Hanifa: Haka za a yi in sha Allah. Na karanta wa Yaya Babba duk abin da aka rubuta, ta ce ita ke so ko nawa aka yi masa, wai da bugunsa take tashi ɗora koko tun tana 'yar shekara tara. Baba, ranar Asabar zan kawo a duba bushin. Akwai man keken ɗinki a gida, in ɗan ɗiga masa kafin nan?

Baba Mai Agogo: Ya ce kada ka ɗiga komai, ba man keke, ba baƙin mai, ba kananzir. Ka cire lilon kafin ka sauke shi daga bango, ka naɗe shi daban a tsumma, in ba haka ba siririn ƙarfen da yake rataye a kai zai karye a Napep. Ka zo bayan azahar, kuma ka taho da makullin.